Ɗaki huɗu a ido, biyu a takarda: yadda wasu magada suka sayar da tsohon gida a Levittown

Gidan yana Levittown, a yankin Long Island na jihar New York a Amurka, unguwar da kamfanin Levitt and Sons ya gina tsakanin 1947 da 1951 don sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Gidaje 17,447 ne, kusan duk zubi ɗaya. Samfurin farko, wanda wannan gida yake cikinsa, murabba'in ƙafa 750 ne kacal: falo, kicin, ɗakin kwana biyu da banɗaki ɗaya. Ba gareji, ba ɗakin ƙarƙashin ƙasa. An zuba daɓen kankare, an binne bututun ruwan zafi na jan ƙarfe a cikinsa don ɗumama gida da hunturu, sannan aka bar sararin ƙarƙashin rufi ba a ƙarasa ba, don maigida ya mayar da shi ɗakuna in iyali sun ƙaru. Ke nan tun ranar gini an san za a yi ƙari. Yau da wuya ka ga gida a unguwar da ya rage yadda aka miƙa shi, kuma ba kowane ƙari ne ya bi ta ofishin gine-gine ba.

Iyalin da za a yi magana a kansu ba su da suna a nan, kuma kuɗin da zan yi lissafi da su na misali ne don hoton ya fito. Dokoki da tsarin cinikin kuwa su ne ake aiki da su a can.

Iyayen sun sayi gidan a ƙarshen shekarun 1960. A farkon shekarun 1970 mahaifin ya ɗaga bayan rufin, ya fitar da ɗaki biyu da banɗaki a sama, shi da wani abokinsa kafinta. Daga baya aka gina gareji a gefe, aka kafa barandar katako a baya, kuma da kaka ta dawo zama da su aka sa mata ɗan kicin a sama. Mahaifin ya riga mu gidan gaskiya, mahaifiyar ta zauna ita kaɗai har nata wa'adin ya cika. Magada biyu ne, wa da ƙanwa. Wan ne wasiyyi, yana zaune a wata jiha mai nisa. Ƙanwar ce a kusa, ita take leƙa gidan.

Katunan masu saye da kuɗi hannu

Wasiyyi ba ya iya sayar da gida sai kotun gado ta ba shi takardar iko, kuma ta gundumar Nassau, inda Levittown take, tana garin Mineola. Fayil ɗin gado ba sirri ba ne, kowa na iya dubawa, shi ya sa tun kafin takardar ta fito akwatin wasiƙun gidan ya cika da katunan masu cewa suna sayen gida komai lalacewarsa, kuɗi hannu, cikin 'yan kwanaki. Wasu 'yan kasuwa ne na gaske masu gyara gida su sayar. Wasu kuwa ba su da niyyar saye sam: su sa hannu a yarjejeniya da araha, su sayar wa wani da yarjejeniyar, su ɗauki ratar. Alamarsu ita ce kafin alƙalami ɗan kaɗan, da sharaɗin da ya ba su damar miƙa cinikin ga wani.

Magadan ba su kula su ba. Gidan yana tsaye da kyau, unguwar ana nemanta, suka kira dillaliya. Ta zagaya, ta ƙirga ɗakin kwana huɗu da banɗaki biyu, haka ta rubuta a talla. Ba wanda ya je ofishin gine-gine na ƙaramar hukumar Hempstead, wadda unguwar take ƙarƙashinta, ya nemi ganin fayil ɗin gidan. Duk abin da ya biyo baya daga wannan tsallaken ya fito.

Cinikin farko

Wasu ma'aurata matasa suka taya dala 620,000, da bashin banki irin wanda hukumar gidaje ta tarayya, FHA, take tsaya wa. A New York amsa tayi da baki ba ya ɗaure kowa. Mai saye ya kawo mai duba gini tukuna, sannan lauyoyin ɓangarorin biyu su rubuta yarjejeniya, a sa hannu, a ajiye kafin alƙalami a asusun amana na lauyan mai sayarwa.

Mai duba gini ya fito da abubuwan da ake tsammani. Rufi ya tsufa, yana ɗiga a kusurwa ɗaya. Tukunyar ɗumama gida ta haura shekarunta. Bututun cikin daɓe an daina amfani da su tuntuni, an ja wasu ta jikin bango. A ƙarƙashin kafet akwai tayil ɗin asali mai inci 9, irin wanda sau da yawa yake ɗauke da asbestos, wani sinadari da ƙurarsa take cutar da huhu. Fentin tagogi yana ɓarewa. A ɗakunan sama kuma wayar wuta ta alminiyam ce, wadda aka yi yayinta a gidajen Amurka daga wajen 1965 zuwa 1973 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, kuma an san mahaɗarta kan saki ta yi zafi. Jerin yana da tsawo, amma bai tsorata kowa ba, domin kowane abu a cikinsa yana da farashi. A kira mai rufi ya faɗi nasa, mai wuta ya faɗi nasa, a tara, a rage. Suka daidaita a kan ragi da 'yan gyare-gyare, aka sa hannu.

Bayan sa hannu ne kamfanin binciken mallaka ya nemo takardun ƙaramar hukuma, kamar yadda banki yake buƙata. A fayil akwai takardar shaidar zama ta asali, wadda kowa a can yake kira CO, tana bayanin gida mai hawa ɗaya na iyali ɗaya. Akwai izinin gina gareji da aka buɗe, ba a taɓa zuwa duban ƙarshe an rufe shi ba. Ɗakunan sama, banɗakinsu, kicin na biyu da baranda kuwa babu ko layi ɗaya a kansu. Sabon awon safiyo ya ƙara wani abu: barandar ta matsa kusa da iyakar maƙwabci fiye da yadda dokar tsara unguwa ta yarda.

Lauyan banki ya ce ba za a saki kuɗi ba sai an kawo takardar kowane gini da ke filin. Ba taurin kai ba ne. Gidan shi ne jinginar bankin, in mai bashi ya kasa biya bankin ne zai gaji rigimar, kuma in gobara ta tashi daga wayar da ba a taɓa dubawa ba, za a sha jayayya da kamfanin inshora. Masu sayen sun jira wata biyu. Alƙawarin bashinsu yana da wa'adi, kuɗin ruwan da aka tsayar musu ma yana da wa'adi, kuma ba wanda ya iya faɗa musu ranar da takardu za su fito ko nawa za su ci. Lauyan magadan ya riga ya sa iyaka a yarjejeniya kan abin da za su kashe wajen neman takardu, don haka ba a kai ga ƙara ba. Aka warware ciniki, aka mayar da kafin alƙalami.

A ganina nan ne zuciyar lamarin. Rufi mai ɗiga ya rage farashi ne kawai. Takardar da babu ita ce ta kori mai saye, domin ba a san kuɗinta ba, ba a san ranarta ba, kuma banki ba ya ba da bashi a kan abin da ba a sani ba.

Tabon sili

Gida ya koma kasuwa da tambarin cinikin da ya rushe, ga kuɗi na fita kowane wata. Harajin gida a Nassau yana cikin mafi tsada a Amurka, kuma rangwamen tsofaffi da mahaifiyar take samu ba ya bin magada. Dole a bar wutar ɗumama gida a kunne da hunturu, in ba haka ba bututu ya daskare ya fashe, inshora ta ce sakaci ne. Yawancin takardun inshorar gida ma sukan janye wasu kariya in gida ya wuce kwana 60 ba kowa ciki, sai an sayi ta musamman mai tsada.

A nan wan ya kawo shawarar da mutane da yawa suke kawowa: a shafe tabon ruwan da ke silin da fenti, a rubuta a talla cewa ana sayarwa a yadda yake, a yi shiru. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma dokar New York ta daɗe a kan cewa mai saye shi zai buɗe idonsa. Ƙari a kan haka, fom ɗin bayanin halin gida da jihar ta wajabta wa masu sayarwa bai hau kan wasiyyi mai raba gado ba. Ga sauran mutane fom ɗin ya ƙara ƙarfi tun Maris 2024, lokacin da aka soke damar da ake da ita ta ba mai saye dala 500 a maimakon cika shi.

Lauyansu ya raba masa abin gida biyu. Yin shiru daban, ɓoyewa da gangan daban. Kotunan jihar suna iya ƙyale na farko, amma wanda ya rufe aibi da hannunsa don kada mai duba gini ya gani ya buɗe wa kansa ƙofar shari'ar zamba, kuma rubuta cewa ana sayarwa a yadda yake ba ya wanke shi. Sannan dillaliya ba za ta iya yin kamar ba ta karanta rahoton farko ba, domin doka ta ɗora mata faɗar abin da ta sani wanda ya shafi darajar gida. Akwai kuma dokar tarayya ta 1992 kan fentin dalma, wadda ba ta ware wasiyyi ba: duk gidan da aka gina kafin 1978 sai an bayyana abin da aka sani, a miƙa ɗan littafin gargaɗi na hukumar kare muhalli, a ba mai saye damar kwana 10 ya yi gwaji in yana so. Wanda ya take ta da sani ana iya cin sa ninki uku na asarar. Maganar takardu kuwa ba ta ɓoyuwa ko an so, domin duk mai saye da bashin banki zai tono fayil ɗin nan dai.

Ƙanwar ce ta rufe zancen. Ta ce masa, "Yaya, fentin nan ba zai kai mu ranar biya ba." Tabo ya zauna a inda yake.

Hanyoyin da suka rage

Hanya mafi sauri ita ce ɗan kasuwa mai kuɗi hannu, wanda ba ruwansa da lauyan banki. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke fara lissafi da ita: kashi 70 cikin 100 na abin da gidan zai yi bayan gyara, a cire kuɗin gyaran. In gidan zai yi dala 700,000 bayan an sabunta shi, gyara kuma ya ci 90,000, tayin farko zai faɗo wajen 400,000. A unguwa mai tsada sukan ɗaga sama da haka, kuma mafi kyawun tayin da magadan suka samu 450,000 ne. Ba cuta ba ce tsantsa. Mutumin yana sayen rashin tabbas ɗin da ya kori ma'auratan, kuma da tsada yake sayensa.

Wan ya karkata ga wannan, don ya gaji. Ƙanwar da farko ta so akasin haka, a gyara komai, sabon kicin, sabon rufi, a nemi 700,000 ɗin. Wannan ma ba ta ɓulle ba. Babu kuɗin a asusun gado, ba mai tsayawa a kan ma'aikata, kuma sabon kicin ba ya samar da takardar ɗakunan sama. Da sun bi ta nan, da sun zuba kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba.

Abin da suka yi a ƙarshe shi ne ɗaukar mai zanen gini da ya saba da ofishin, tare da wakilin da sana'arsa ita ce bin fayil daga tebur zuwa tebur. Kafin a shigar da ko takarda ɗaya, mai zanen ya gargaɗe su cewa in an shigar ba a janyewa. Hukuma ta sani ke nan, abin da bai cika ƙa'ida ba sai a gyara ko a rushe, kuma ƙarin ɗakunan na iya ɗaga ƙimar da ake yanka haraji a kanta. Don haka ya fara duba komai da kansa, ya ware abin da ya cancanci a nema masa takarda da wanda cire shi ya fi arha.

Kicin ɗin sama aka fara cirewa. A unguwar da doka ta ce kowane gida na iyali ɗaya ne, murhu na biyu alama ce ta gidan haya ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba abin da ya fi shi jawo idon jami'i. Aikin yini ɗaya ne.

Barandar ta fi jawo gardama, domin a kanta aka yi taron iyali shekara da shekaru. Amma tunda ta shiga tazarar da doka ta hana, ba izini kawai take buƙata ba, sai an je gaban kwamitin ɗaukaka ƙara na tsara unguwa a nemi sassauci, a aika wa maƙwabta sanarwa, a jira ranar zama, kuma ana iya hanawa. Duk wannan a kan katakon da ya fara ruɓewa. Suka rushe ta. Ina ganin cikin duk shawarwarin da suka yanke wannan ce ta fi amfani, domin ta cire abu ɗaya tilo da sakamakonsa yake hannun wasu mutane.

Gareji bai ba da wahala ba: aka sabunta tsohon izinin, mai duba wuta ya ba da shaida, aka rufe.

Ɗakunan sama su ne aikin gaske, kuma su ne suka cancanci wahalar, don su ne rabin gidan. Aka zana su yadda suke, aka shigar da neman halatta ginin da ya riga ya tsaya. An fasa bango da sili a wurare kaɗan don a ga katakon da ke ɗauke da nauyi, aka tarar mahaifin da abokinsa sun yi aiki mai ƙarfi, sai wuri ɗaya da aka ƙara tokara. Tagogin ne suka faɗi. Ƙa'idar gini tana son kowane ɗakin kwana ya sami tagar da mutum zai iya fita ta cikinta in gobara ta tashi, mai buɗewar murabba'in ƙafa 5.7, kuma kada gindinta ya wuce inci 44 daga daɓe. Aka sauya biyu. Wayar alminiyam ba a zare ta duka ba, mai lasisin wuta ya bi kowace mahaɗa ya sa mata irin maƙalin da hukumar kare lafiyar masu sayen kaya ta amince da shi. Aka sa na'urorin jin hayaƙi. Akwai wani abin da bai gyaru ba: tun Afrilu 2022 masu ƙiyasta daraja don bashin Fannie Mae, babban kamfanin da ke sayen basussukan gidaje daga bankuna, suna awo da ma'aunin ANSI, wato ƙa'idar ƙasa ta auna girman gida, wanda ba ya ƙirga duk inda sili ya gaza ƙafa 5, kuma yana son aƙalla rabin ɗakin ya kai ƙafa 7. Gefen gaba na ɗakunan, inda rufi ya zubo, bai shiga lissafi ba. Girman gidan a sabuwar talla ya ragu kaɗan, amma lamba ce da ba mai ƙaryata ta.

Sai tankin man ɗumama gida da ke binne a tsakar gida, wanda mai duba ginin farko ya ambata a layi ɗaya kowa ya wuce. Dokar New York tana ɗora alhakin malalar mai ba tare da tambayar ko da gangan aka yi ba, kuma in an gano malala dole a kai rahoto ga hukumar muhalli ta jiha cikin awa biyu. Wan ya ce a bar kaza cikin gashinta. Lauya ya nuna masa cewa mai saye na gaba zai tambaya, kuma tankin da ba a gwada ba zai ci ragi daidai da mafi munin abin da ake tsoro. Aka tono shi, aka gwada ƙasar, ta fito da tsabta, aka sa ƙarami a gareji. Sa'a ce, ba dabara ba. Da ta fito da mai, da lissafin da ke tafe ya canza sosai.

Rufi, tukunyar ɗumama gida da tayil ba a taɓa su ba. Aka karɓo rubutaccen farashi daga masu aikin, aka haɗa da rahoton duba gini na farko da sabbin takardu a fayil ɗaya, duk wanda ya zo kallo a ba shi. Fentin tagogi kaɗai aka kankare aka sabunta, ta hannun ɗan kwangila mai shaidar aiki da fentin dalma. Barin rufin yana nufin sallama masu bashin FHA, tunda ƙa'idarsu tana son rufi ya kasance da sauran aƙalla shekara biyu, sai dai wanda zai ɗauki nau'in 203(k) mai haɗe kuɗin saye da na gyara. Sun san da haka, suka yarda.

Abin da ya shiga hannu

Wata shida aikin ya ci. Mai saye na biyu, da bashin banki na yau da kullum, ya biya 600,000, ƙasa da tayin farko da dubu ashirin, kuma bai nemi ragi bayan duba gini ba, don ba abin da ya gano wanda ba a riga an ba shi a rubuce ba. Daga ciki a cire wajen 35,000 na zane, awo, kuɗin izini, tagogi, wuta da tanki. A cire 15,000 na haraji, inshora da mai a watannin jira, da 24,000 na la'ada, da 2,400 na harajin sauya mallaka na jiha, wanda yake dala 2 a kan kowace 500 kuma mai sayarwa ke biya. Saura 523,600 kafin kuɗin lauya. Tayin ɗan kasuwar, bayan nasa harajin, 448,200 ne. Ratar ta haura dala 75,000. Harajin riba bai zama abin damuwa ba, domin a dokar tarayya darajar gida a ranar rasuwa ita ce ake ɗauka a matsayin kuɗin da magaji ya saye shi, ba abin da iyaye suka biya a shekarun 1960 ba.

Wannan rata ba ta nuna cewa wan ya yi wauta. Hanyar ta yiwu ne saboda mahaifiyar ta bar ɗan kuɗi a banki da aka yi aikin da shi, ƙanwar tana kusa tana buɗe wa masu dubawa ƙofa, kuma ba bashi a kan gidan. Da akwai irin bashin nan da tsofaffi suke ci a kan gidansu, wanda biyansa yake wajaba da zarar sun rasu, da magada suna da wata shida ne kawai, sai in an ƙara musu wa'adi, kuma kuɗin ruwa yana hawa kullum. Da an fasa silin an tarar ɗakunan sama suna zaune a kan katakon da bai isa ba, da kuɗin halattawa ya ninka. A irin waɗannan halaye, 450,000 a hannu cikin mako uku ciniki ne mai kyau.

Asarar da ba ta da uzuri ita ce ta watannin cinikin farko. Neman kwafin fayil ɗin gida daga ƙaramar hukuma aikin fom ɗaya ne da ɗan kuɗi kaɗan, kuma ana iya yin sa tun ana jiran takardar kotun gado, lokacin da dama ba a iya sayar da komai. Da an yi haka, da an shigar da zanen ɗakunan sama wata huɗu kafin lokacin da aka shigar, kuma da wataƙila ma'auratan farko ne suka shiga gidan a kan kusan 620,000.